Motar da Ta Sha Tafiya: Maleji da Abin da Ke Bayansa

Maleji shi ne ɗan lissafin nan da ke bayan sitiyari, wanda ke ƙirga tafiyar da mota ta yi tun ranar da ta bar masana'anta. Shi mai saye ke fara leƙawa da zarar an buɗe masa ƙofa, shi ne kuma abin da ya fi sauƙin yi masa ƙarya a jikin motar gaba ɗaya. A wuraren sayar da motoci na gefen babban titin da ya taso daga Tunga, ya ratsa Shango ya nufi Chanchaga, da sauran irinsu a cikin Minna, da wuya a ga sabuwar mota fil a leda. Abin da ke jere kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka mora a ƙasashen waje sannan aka shigo da su, su ake kira Beljiyam, ko 'yan Kwatano, ko tokumbo, kalmar Yarbanci mai nufin abin da ya ƙetaro teku. Akwai kuma na hannu, wato waɗanda suka riga suka yi zamaninsu a titunan ƙasar nan. Duka biyun sun sha tafiya, bambancin shi ne a ina suka sha ta, kuma a hannun wa.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A Najeriya lamarin ya ƙara tsauri daga 2023. A farkon watan Yuni na wannan shekarar dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500, kuɗin fito na Kwastam kuma ya bi sahu. Ma'aikacin da a da yake hangen Beljiyam mai shekara takwas sai ya dawo yana taya mai shekara goma sha biyar, ko ta hannu da ta wuce ta hannun mutum uku. Mota mai dogon maleji ta zama abin da aljihun yawancin mutane ke iya kaiwa, don haka sanin yadda ake tantance ta ya wuce batun 'yan kabu-kabu kaɗai.

Kafin komai sai an san da wane ma'auni malejin ke ƙirga. Motocin Amurka da Ingila da mil suke lissafi, na Kanada da Jamus da Beljiyam da Japan da kilomita. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, wato kimanin 1.6. Ke nan motar da ta nuna 100,000 a mil ta ci kimanin kilomita 161,000, mai nuna 150,000 kuwa ta haura kilomita 240,000. Da yawa an sayi mota ana murna da ƙaramar lamba, ba a lura da haruffan da ke gefenta ba. Sai lissafi na biyu, wanda ba ya buƙatar bakanike. A Amurka mota na yin tsakanin mil 12,000 zuwa 14,000 a shekara, a matsakaici. Motar da aka ƙera a 2010 aka kawo ta kasuwa a 2025 ta yi shekara 15. In aka ɗauki ƙaramin adadin ma, ya kamata ta nuna wajen mil 180,000, kusan kilomita 290,000. Idan aka tarar da 68,000 a fuskarta, ɗayan biyu ne: ko dai an yi dacen da ba kasafai ake yi ba, ko kuma an taɓa lambar. Labarin da dillalai suka fi bayarwa a nan shi ne wai motar wata tsohuwa ce, daga gida sai coci. Tsofaffin nan suna da yawa a bakin dillalai fiye da yadda suke a duniya.

Mayar da maleji baya tsohuwar sana'a ce. A motocin da, masu lamba mai juyawa, akan cire allon a murɗa ta da hannu, shi ya sa wani lokaci akan ga lambobin ba su zauna a layi ɗaya ba. Da aka koma na lantarki an zaci an huta, ashe sauƙi aikin ya ƙara: da ƙaramar na'ura ana sauya lambar cikin mintuna, ko a ciro allon wata motar a dasa. Ko a Amurka, inda doka ta haramta wannan tun 1972, hukumar kiyaye haɗurran tituna ta ƙasar ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da 450,000 duk shekara da malejin ƙarya. Motar da ta bar can, ta kwana a gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Apapa ko Tin Can ko Kwatano, sannan aka biyo da ita ta Ilori da Jebba da Mokwa da Bida, ta ratsa hannaye da dama, kowane hannu kuma yana da riba in lambar ta ragu.

Abin da ke fallasa wannan shi ne lambar shasi. Tun 1981 motocin kasuwar Amurka ke ɗauke da ita a tsari ɗaya, haruffa da lambobi 17, ba a sa I ko O ko Q a ciki don kada su rikice da ɗaya da sifili. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin wata takarda a bakin ƙofar direba, kuma dole biyun su zo ɗaya. Harafin farko na faɗin ƙasar da aka ƙera motar: 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus, K Koriya ta Kudu. Na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka dai. Wannan kaɗai ya isa ya kama motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ɗaga mata shekaru. Da wannan lamba ake sayen tarihin motar ta intanet daga kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck. Rahoton kan nuna malejin da aka rubuta a lokutan sabis da sabunta rajista, da ko ta yi haɗari, da ko kamfanin inshora ya yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin kuɗinta. Sau da yawa in aka rubuta lambar a Google, hotunan motar a filin gwanjon Copart ko IAA kan fito, da goshinta a rugurguje, da malejinta na ranar. Rahoton yana da iyaka. Ba ya ganin gyaran da aka yi a ɓoye, bai san komai ba daga ranar da motar ta bar Amurka ko Kanada, kuma mafi yawan motocin Turai ba sa cikinsa. Rahoton da dillali ya bugo a takarda ya miƙa ma ba hujja ba ce, mai saye ya nemo nasa.

Da an san gaskiyar lambar, sai a tuna cewa ba ita ce hukunci ba. Kilomita ba ɗaya suke ba. Inji ya fi cin jikinsa a mintunan farko bayan an tayar da shi da sanyi, kafin mai ya zaga ko'ina. Motar da ke doguwar tafiya a kan shimfiɗaɗɗen titi, da gudu ɗaya, ba yawan taka birki, ba yawan sauya giya, tana tara lamba ba tare da ta tara gajiya ba. A kwatanta motoci biyu a Minna. Ta farko ta ma'aikaci ce da ke zuwa Abuja duk mako, kimanin kilomita 150 zuwa, 150 dawowa, a shekara ya tara wajen 15,000 a wannan hanya kaɗai, yana juye baƙin mai a kan kari. Ta biyu ba ta barin gari: daga Chanchaga a kai yara makaranta, a shiga Kasuwar Kure, a tsaya a cunkoson shataletalen Kpakungu inji na aiki mota ba ta motsi, a kashe a kunna sau goma a yini. Malejin ta biyu ƙarami ne, amma injinta na iya fin na farko tsufa, domin maleji ba ya ƙirga sa'o'in da inji ya yi yana kuka a tsaye. Sai dai ta farkon ma tana da nata ciwon. Wanda ya san ramukan hanyar Suleja ta Paiko da Lambata, da yadda manyan motoci suka cinye hanyar Bida, ya san cewa abin da doguwar tafiya ta raga wa inji, ƙafar mota ce ke biyansa.

Saboda haka jikin motar ake tambaya. Akwai wuraren da tsufa ke barin sawu waɗanda mai kwaskwarima kan manta. Robar fedar birki da ta side har ƙarfe ya leƙo, sitiyarin da ya yi santsi yana ƙyalli daidai inda hannu ke kamawa, gefen kujerar direba da ya lotsa ta wajen shiga, maɓallan gilashi da rubutunsu ya goge, ƙofar direba da ke ɗan faɗuwa in an buɗe ta, duk waɗannan ba sa faruwa a kilomita 70,000. Sabuwar robar feda da sabuwar rigar sitiyari a tsohuwar mota su ma abin tambaya ne. A Amurka masu juye mai kan manna 'yar takarda a kusurwar gilashi ko bakin ƙofa, mai nuna malejin da za a dawo. Akan kuma tsinci rasiɗai a aljihun gaba ko ƙarƙashin kujera. Irin wannan 'yar takarda ta sha rushe ciniki.

Inji kuwa da sassafe ake dubansa, kafin kowa ya tayar da shi. Mai saye ya iso da bakanikensa, a buɗe bonet, a ɗora bayan hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an kunna, kuma akwai dalili, domin ƙarar da inji ke yi da sanyi takan ɓace in ya yi zafi. A zaro sandar gwada mai, a shafa a yatsa: mai kauri kamar zuma, mai danƙo, alama ce ta an zuba masa abin da ke ɓoye ƙara da hayaƙi. A buɗe murfin baƙin mai a haska ciki da tocilan waya. Ƙarfe mai tsabta ko mai ruwan zinare shaida ce ta kulawa. Baƙin dasƙararren datti kamar kwalta shaida ce ta an daɗe ana tsallake sabis, kuma wannan ya fi dogon maleji illa nesa ba kusa ba. Farin kumfa mai kama da madara a bayan murfin na iya nufin ruwa ya haɗu da mai, wato gaskit ya ƙone. A buɗe lagireto tun injin na da sanyi, ba a taɓa buɗe shi da zafi ba: ruwa mai launi, kore ko ja, shi ake so, ruwa mai tsatsa kuwa na nuna an shekara ana ɗura ruwan rijiya. Sannan mutum ɗaya ya murɗa makulli, ɗaya ya tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, ko ringi ko robobin bawul. Baƙi, fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Injin da aka wanke tas har yana walƙiya ba abin yabo ba ne, a bar shi ya yi minti ashirin yana aiki, a leƙa ƙasa a ga abin da ya ɗigo. Wanda ke son tabbaci sai ya sa a gwada matsin kowace silinda, aikin da bai kai awa ɗaya ba.

Kafin injin ya tashi akwai wani ɗan lokaci mai daraja. In aka murɗa makulli rabi, fitilun gargaɗi duka kan kama a allon gaba, har da ta inji da ta birki da ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ta ƙi mutuwa matsala ce a fili. Wadda ba ta kama ba sam ta fi muni, domin an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Tun 1996 kowace motar kasuwar Amurka na da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, wadda makanikai ke kira sikana, kuma masu ita suna nan a Minna. Na'urar ba laifuffukan da ke ajiye kaɗai take nunawa ba. In an goge su jiya don a ɓoye, kwamfutar motar za ta nuna cewa ba ta gama gwaje-gwajenta ba, wannan kuma amsa ce ga mai hankali. A wasu motocin ma akan sami wani malejin a ajiye a wata ƙwaƙwalwar daban, wanda mai murɗawa bai kai gare shi ba.

Giya ita ce inda kuɗi ke tafiya. A mota mai giyar otomatik, a taka birki a sa ta a D, sannan a R. Ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. Man giya mai lafiya ja ne ko ruwan hoda, wanda ya koma baƙi yana warin ƙuna ya gama ba da labari. Zagaye ɗaya a harabar dillali ba gwaji ba ne, wasu giyoyin sai sun yi zafi suke nuna hali. A fita da motar ta Chanchaga a miƙi hanyar Paiko, a yi aƙalla rabin awa, na'urar sanyaya ciki na aiki, rediyo a kashe. A saurari ko inji na ihu mota ba ta ƙara gudu. A lura da allurar zafi, musamman a watan Maris da Afrilu da zafin Minna ke kusantar digiri 40. A sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen wuri a ga ko tana ja gefe. Sannan a sauka daga kwalta a shiga gargada a hankali, nan shokazoba da boljoyin da tayarod da bushi ke magana. Gyaran ƙafa ba abin fasa ciniki ba ne, abin rage kuɗi ne. Giya mai zamewa da inji mai cin ruwa kuwa, a bar wa mai su.

Akwai aibi biyu da ba ruwansu da maleji, kuma sun fi shi haɗari. Na farko ambaliya. Guguwar Katrina ta 2005, da Sandy ta 2012, da Harvey da ta nutsar da Houston a 2017, kowacce ta lalata dubban ɗaruruwan motoci, wasunsu kuma sun bi gwanjo sun ƙetare teku. A jihar Neja ma, mai Kogin Kwara da Kogin Kaduna, motar hannu na iya kwana a ruwa. Motar da ta nutse tana iya tafiya lafiya wata shida, sannan wayarin ya fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi, gobe fitila, jibi kwamfutar inji. A ɗaga darduma a sansana, a duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa a nemi zanen ruwa, a ɗaga safaya a but a nemi busasshen laka. Turaren da ya yi yawa a cikin mota shi ma tambaya ne. Na biyu mummunan haɗari. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta zama ɗaya hagu da dama. Maganaɗisu ba ya kama inda aka cika da fila. Kusoshin bonet da na fenda da fentinsu ya ɓare sun shaida an taɓa kwance su. Shasin da aka miƙar aka yi wa walda ba ya komawa yadda yake, kuma jakar iskar da ta fashe sau da yawa ba a mayar da ita, murfin kawai ake liƙewa. Tun da an shiga ƙarƙashin motar, sai a duba tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Kanada da arewacin Amurka lokacin ƙanƙara, a kuma tabbatar da tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi tana nan, domin akan fafe ta a sayar tun a hanya. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, kasancewar Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, ita ma a yi nesa da ita.

Nau'in motar na da tasiri a kan yadda za ta ɗauki tsufa. Tambaya ta farko ita ce ko injin da bel yake aiki ko da sarƙa. Taimin bel roba ce, akan sauya ta tsakanin mil 60,000 zuwa 100,000 bisa ga umarnin kamfani, kuma a injuna da dama in ta tsinke a kan tafiya, fistin da bawul ne ke karo. Golf 3 da Peugeot 406 da Honda Accord mai silinda shida duk bel gare su. Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Camry mai silinda huɗu daga 2002, da Accord mai silinda huɗu daga 2003, sarƙa gare su, wadda kan daɗe muddin ana juye mai. Ko sunan da ya yi fice yana da inda yake ɗingishi. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu, wadda ake kira Muscle, an san injinta da shan baƙin mai, har kamfanin Toyota ya tsawaita garantinsa a kan wannan. Accord ta 2003 mai silinda shida, cikin waɗanda ake wa laƙabi da End of Discussion, an san ta da ciwon giya. Tambaya ta biyu kayan gyara. Kafin a biya, zagaye ɗaya wajen masu kayan gyara a Ƙetaren Gwari a tambayi kuɗin inji da giyabos da shokazoba na wannan motar ya fi dogon nazari amfani. Tsohuwar motar alfarma ta Jamus na iya zuwa da farashin Corolla, amma kayanta ba su san ta tsufa ba, kuma wani abin sai an aika Kaduna ko Ladipo a Legas. Sai shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Shi ya sa masu silinda shida da takwas suka yi araha a kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Takardu na iya kashe cinikin da inji ya tsallake. Tun ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, jihar Neja kuma tana da iyaka da Jamhuriyar Benin ta ɓangaren Borgu, don haka motar fasa-ƙwauri mai takardun bogi ba baƙuwa ba ce a nan. Jami'an Kwastam na iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma a hannun wanda aka same ta ake karɓewa. A kai takardun fito ofishin Kwastam a tantance kafin kuɗi ya fita, a tabbatar lambar shasin da ke takarda ita ce a jikin mota, harafi da harafi. Motar hannu na buƙatar lasisinta, da shaidar mallaka, da takardar ba da lamba, da ta lafiyar mota daga jami'an VIO, sannan a bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace ta. In sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, sai an ga yadda ta zo hannunsa. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a biya ta banki, a yi canjin mallaka nan take. Inshorar dole, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, kuma ana iya tantance sahihancinta ta intanet.

A wajen ciniki, dillali la'ada yake nema, ba laifi ba ne, amma ba shi ne mai ba da shawara ba. Bakaniken da za a zo da shi ya zama na mai saye, a biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba, domin wanda sai an yi ciniki zai samu, ko wanda ke karɓar kamasho ta bayan fage, kowace mota lafiyayya ce a idonsa. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da zaɓin mayarwa in ya gano, sai dai a aikace mayar da mota bayan an ƙirga kuɗi shari'a ce mai tsawo, gara a sa sharaɗin a rubuce. Biyan kuɗi a kan hoton WhatsApp, motar tana Legas ko tana kan teku, cinikin biri a sama ne.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen motar da ta haura kilomita 200,000 bai kamata ya zuba duk abin da ya tara a farashinta ba, ya rage wani kaso mai kauri na gyaran farko. A makon farko akan juye baƙin mai da matatarsa, a sauya matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, a duba fulogi da birki da batir. In injin mai bel ne kuma ba shaidar ranar da aka sauya, a ɗauka ba a sauya ba, a haɗa da famfon ruwa. Man giya a sa irin wanda kamfani ya rubuta, ba kowane jan mai ba. Tayoyi na da ranar haihuwa a gefensu, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuma na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, komai kyan zanenta. Akwai al'adu biyu na garejin ƙasar nan da ke rage wa Beljiyam kwana. Ɗaya ita ce cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, wai don motar ta ƙasar sanyi ce. Injin da aka yi wa haka ba ya kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sai ya ƙara shan fetur, ya ƙara cin jikinsa, alhali motocin nan suna yawo a Texas da Arizona da tamostat ɗinsu. Ɗaya kuma ita ce ɗura mai kauri 20W-50 a injin da murfinsa ke ɗauke da 5W-20 ko 5W-30, wanda ƙananan hanyoyin mansa ba a yi su don mai kauri ba. Daga ranar da motar ta shigo gida, a ajiye ɗan littafi a aljihun gaba, a riƙa rubuta kwanan wata da maleji da abin da aka sauya, a haɗa da rasiɗai. Ran da za a sayar da ita, wannan littafin ne mai saye na gaba zai riƙe ya gwada da lambar da ke bayan sitiyari.